Yadda ma'aikatan ɗakin jinya ta musamman za su rage ƙara a bakin aiki

Tun a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakin da ake jinyar marasa lafiya ta wuce dasibel 35 (dasibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), amma a ɗakin jinya ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, an saba samun fiye da 50. Irin wannan ƙara ba kasafai take kurmantar da mutum ba, domin lalacewar ji ta fi zuwa ne daga dasibel 85 na tsawon awa takwas. Abin da take jawo wa nas ko likita shi ne ciwon kai, saurin fushi, hauhawar jini da kasa barci bayan aikin dare. Mafi muni kuma, kunne yakan saba da kukan na'ura har ya daina bambance gargaɗin gaske da na ƙarya.

A fara da na'urar da ke lura da bugun zuciya, domin yawancin kukanta ba ya nuna wani hatsari. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zufa takan sassauta 'yan faifan da ake manna wa majinyaci a ƙirji, sai na'ura ta yi ta kuka alhali zuciyarsa lafiya lau take. A goge fata ta bushe sosai kafin a manna su, a kuma canza su kowace rana. Likita da nas su daidaita iyakar gargaɗi, wato matakin da na'ura za ta fara kuka, bisa halin kowane majinyaci, maimakon barin ta yadda kamfani ya saita. Kashe gargaɗin gaba ɗaya kuwa ganganci ne, ko da kai ya yi zafi.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A nisanta janareta daga tagogi, a ɗauko tukunyar oksijin a kan keke maimakon jan ta a ƙasa, a sa wa ƙafafun gado mai, a kuma rage ƙarar waya. 'Yan dubiya, waɗanda al'adarmu ba ta yarda a kora ba, a karɓi gaisuwarsu a waje, mutum ɗaya ya shiga a madadin sauran.

Shugabar nas-nas ta ware ɗaki mai shiru inda ma'aikaci zai huta ko na minti goma sha biyar ne, kuma duk wanda kunnensa ke ƙugi bayan tashi daga aiki ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa.