Yadda Ake Kare Muhalli da Farfaɗo da Ƙasa a Wurin Haƙar Tsakuwa

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta, a rahotonta na shekarar 2022, cewa duniya tana cinye yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a kowace shekara, wato in aka ɗauke ruwa babu wani arzikin ƙasa da ɗan Adam yake kwasa kamar su. Kowace tipa da ta tashi da tsakuwa rami ta bari a bayanta, kuma makomar wannan ramin tana hannun wanda ya tsara aikin tun kafin katafila ta sa baki a ƙasa.

Matakin farko shi ne a san wurin yadda yake kafin a taɓa shi. A auna faɗinsa da tudunsa da gangarensa, a gano inda ruwan sama yake bi, a rubuta irin itatuwa da ciyayi da dabbobin da ke cikinsa, sannan a ɗauki hotuna masu kwanan wata. A haƙa 'yan rijiyoyin gwaji domin sanin zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a auna shi da damina da rani, saboda ma'aunin rani kaɗai yakan yaudari mutum ya haƙa har ya faɗa cikin ruwan da maƙwabta suke sha. Wannan bayanin ne ginshiƙin rahoton tantance illa ga muhalli, wanda dokokin ƙasashe da yawa suka wajabta kafin a ba da lasisi.

Daga nan sai a yanke shawarar abin da wurin zai zama bayan an gama, ko gona, ko makiyaya, ko daji, ko tafki. A yi wannan tare da mai ƙasar da mutanen da ke zaune kusa, domin su ne za su rayu da sakamakon. Shawarar ce za ta nuna iyakar zurfin da za a haƙa da inda za a jibge ƙasa. A kuma ware kuɗin gyara tun daga farko a asusun da ba a taɓawa, domin kamfanin da ya jira har tsakuwa ta ƙare yakan tarar kuɗin shiga ma sun ƙare tare da ita.

Batun ƙasar sama shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya. Wannan baƙar ƙasa, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce tafin hannu biyu ko uku ba, a cikinta iri da saiwoyi da ƙananan halittu masu ciyar da shuka suke, kuma samuwar santimita ɗaya kawai tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru. A kankare ta daban, a tara ta daban, kada a cakuɗa ta da jar ƙasar da ke ƙarƙashinta. Kada a kwashe ta tana jiƙe, domin idan aka damƙi ƙasa a hannu ta dunƙule kamar yumɓu ta bar shatin yatsu, to nauyin injin zai matse ta har iska da ruwa su kasa ratsa ta. Tsibin da za a tara kada ya wuce mita 2 zuwa 3 a tsawo, saboda can cikin babban tsibi iska ba ta shiga, halittun cikinta kuma sai su mutu. Idan za ta daɗe a ajiye, a shuka ciyawa a kanta don kada ruwa da iska su tafi da ita, kuma a hana motoci hawa kanta.

Yayin da aiki yake gudana, ruwa ne abin lura na farko. A gina magudanai da za su kautar da ruwan sama daga ramin, ruwan wankin tsakuwa kuwa a zuba shi a kududdufin da laka za ta kwanta kafin a sake amfani da shi. A bar tazara mai ciyayi tsakanin ramin da kowane rafi. Haƙa a cikin gadon kogi ya fi kowanne haɗari, domin yana zurfafa kogin, ya zabtar da gaɓa, har ya tone ƙafafun gada. Tankin man dizal a ɗora shi a kan daɓen siminti, a kewaye shi da katangar da za ta iya riƙe fiye da abin da ke cikinsa idan ya fashe.

Ƙura ma ba abin rainawa ba ce, domin ƙurar dutse da ake shaƙa shekara da shekaru tana taurara huhu, kuma cutar ba ta warkewa. A riƙa yayyafa ruwa a hanyoyi da wurin niƙa, a rufe tipa da tamfol, a rage gudu, a ba ma'aikata takunkumin da ya dace, sannan a jera tsibin ƙasa a gefen da gidaje suke domin rage ƙarar injuna.

Gyaran kansa a yi shi kashi-kashi, wato a raba filin gida-gida, duk ɓangaren da tsakuwarsa ta ƙare a gyara shi kafin a yi nisa a na gaba. A kwantar da bangon ramin ya zama gangare mai sauƙi, wanda aka fi amfani da shi kuwa shi ne mita 3 a kwance ga kowace mita 1 a tsaye. A kafce ƙasan ramin da motoci suka daddale, a mayar da jar ƙasa tukuna, baƙar ta biyo baya, sannan a shuka ciyayi da itatuwan da suka saba da yankin a farkon lokacin ruwa. Idan tafki za a bari, bakinsa ya kasance marar zurfi yadda yaro ko dabba da ya zame zai iya fitowa da ƙafarsa.

Bayan an kwashe injuna da tarkace, a ci gaba da zagaya wurin na wasu shekaru, musamman bayan ruwa mai ƙarfi. A cike duk kwazazzabon da ya fara tsagewa, a sake shuka inda iri bai kama ba, a tuge baƙin ciyayi masu mamaye wuri, kuma a kwatanta ruwan rijiyoyin gwaji da ma'aunin da aka ɗauka tun farko kafin a miƙa filin ga mai shi.