Yadda zaka ciyar da dukushi bayan an yaye shi

Jama'a masu kiwon dawaki, musamman matasan da suka shigo harkar saboda kilisa da hawan sallah, akwai abin da yake damuna game da yadda ake ciyar da dukushi da zarar an raba shi da goɗiya. Mutum zai sayo ɗan wata biyar ko shida daga kasuwa irin su Maigatari, ya kawo gida ya ɗaure a turke, sai ya dinga antaya masa dawa da dusa kamar wani babban ingarma wai so yake ya yi saurin cika ido. Toh wannan saurin shi ne yake lalata ƙafafun dawaki da yawa, kuma ƙafar da ta lalace a irin wannan lokacin da wuya ta koma daidai.

Dukushi ɗan wata 6 ya riga ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsayin da zai yi in ya girma, amma nauyinsa bai ma kai rabi ba. Kaga kenan aikin da jikinsa ya sa a gaba yanzu shi ne gina ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyi, kitse ba shi da wani amfani a wurinsa sai ƙarin nauyi a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba.

In goɗiyar taka ce kuma a gidanka ta haihu to aiki ya zo da sauƙi, tun yana wata biyu zuwa uku ka fara saba masa da abincin da zai ci bayan yaye, dama daga wajen wata uku nonon uwar ya fara gazawa, baya isarsa shi kaɗai. Ka ajiye masa nasa bahon a inda uwar bazata kai baki ba. Shi yayen kansa tsakanin wata huɗu zuwa shida ake yi, ni dai nafi son a kai shida in dai goɗiyar bata rame ba. In kuwa sayowa kayi, dan Allah kafin ka bar wurin ka tambayi mai shi me yake bashi, ko da mudu biyu ne ka karɓo irin abincin, domin a ranar da aka raba shi da uwarsa aka canja masa gida aka kuma canja masa abinci duk lokaci ɗaya, zawo ko ciwon ciki ne zai biyo baya. Duk wani canjin abinci a hankali ake yinsa, kwana 7 zuwa 10, kana rage tsohon kana ƙara sabon.

Yanzu maganar me za'a bashi. Tushen abincinsa harawa ce da ciyawa, kuma wallahi Allah Ya yi mana arziki da harawar gyaɗa da ta wake, don sunada furotin da sinadarin kalsiyam wanda shi ne ginshiƙin ƙashi. Ka nemi wadda ganyenta yake jiki, kore-kore, mai ƙamshi, banda wadda ta zama kara zalla ko wadda ruwa ya daka tayi baƙi. Ka haɗa masa da busasshiyar ciyawa mai laushi irin su harkiya ko kyasuwa da aka yanka kafin ta tsufa, a bar masa ita a gabansa kusan ko yaushe. Cikin doki ƙarami ne kuma baya daina fitar da ruwan narka abinci ko da babu komai a ciki, shi yasa dukushin da ake bari awanni da yawa babu abin taunawa yake kamuwa da gyambon ciki, zaka ji yana cizon haƙora ko ya fara gaigayar itacen turke.

A lissafi, a rana yana cin kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa. Mu ɗauka naka yana da kilo 150, wanda shi ne kusan abin da irin dawakinmu na gida suke kaiwa a wannan lokacin, kenan duka abincinsa na rana wajen kilo uku zuwa huɗu da rabi ne. A ciki harawa da ciyawa su ɗauki kilo biyu da rabi ko fiye, hatsi da sauran haɗi kuma kar su wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ma a raba shi kashi uku, safe da rana da yamma. Kuma ka daure ka auna mudunka a sikeli ko sau ɗaya ne, don mudun dawa ya fi mudun dusa nauyi nesa ba kusa ba, mutane da yawa basu san ainihin abin da suke zubawa ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan dusa don nan ne matsalar take. Dusa tanada araha, doki yana sonta, shi yasa kowa ya dogara da ita. Amma dusa, musamman ta alkama da ta shinkafa, cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam ɗin cikinta kuwa ɗan kaɗan ne, haka ma dawa da gero da masara duk a wannan ɓangaren suke. Shi kuma jikin dukushi so yake kalsiyam ya fi fosfaras yawa, kamar ɗaya da rabi ko biyu a kan ɗaya. In abin ya juye, sai jiki ya fara zaro kalsiyam daga cikin ƙashi don ya cike giɓin, a hankali ƙashin yayi laushi, fuska ta kumbura ta saman hanci da muƙamuƙi, ya dinga ɗingishi yau wannan ƙafar gobe waccan, mai shi yana ta neman maganin sammu ko iska alhali abincin ne. Maganin abin shi ne dusa ta zama ƙari kawai, kar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin, harawa kuma ta wadata. In harawa tayi tsada ko tayi wuyar samu kamar yadda ake fama da bazara, ka je wurin masu sayar da kayan haɗa abincin kaji ka sayi garin laimiston, wato garin wani dutse mai kalsiyam, cokalin cin abinci ɗaya a rana a cikin haɗinsa yana taimakawa. Kanwa da muke basu tun kaka da kakanni bata maye gurbin wannan, ita ba kalsiyam bace, in zaka bayar ɗan kaɗan ya isa.

Haɗin da nake ganin ya dace da abin da muke samu a kasuwa: dawa ko gero ko masara da aka ɓarza ya zama kamar rabi ko ɗan fiye, dusa kwata, sauran kuma waken suya. A ɓarza hatsin don haƙoransa na nono ne, in ka bashi tsaba haka nan zaka ganta a kashinsa yadda ta shiga. Waken suya shi ne yafi dacewa da mai girma saboda irin furotin ɗinsa ya fi na tunkuza da na ƙwallon auduga gina jiki, amma dole a soya shi ko a dafa, ɗanye yana hana narkewar abinci. Abin da ake nema shi ne furotin ya kai kashi 14 zuwa 16 cikin 100 a abincin. In tunkuza ka samu ba laifi, sai dai ka shinshina ka duba da kyau, gyaɗa tana saurin yin funfuna kuma gubar funfunar hanta take ci. Masarar da tayi funfuna ita kam ƙwaƙwalwar doki take taɓawa, kashewa take, kada ma ka ce bari in tsince mai kyan.

Abincin kaji da na shanun kiwo na buhu, kar ka kuskura. Wasu ana sa musu magani mai suna monensin wanda kaji da shanu suke ɗauka lafiya amma ɗan kaɗan yake tsayar da zuciyar doki, na shanu kuma wani lokacin akwai yuriya a ciki. Haka ɗanyen karan dawa mai tohowa bayan an yanke, a nesanta shi da shi.

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa ko yaushe, ba sai an tuna ba, a ajiye masa gishirin lasa a gefe, in ka samu irin wanda aka haɗa da sinadarai na dawaki ya fi, don akwai sinadaran kofa (jan ƙarfe) da zinki da guringuntsin gaɓa yake buƙata kuma abincinmu na gida baya cika wadatar da su. Kar a zuba abinci a ƙasa kan yashi, yana haɗiye yashin ya taru a hanji. Lokacin hunturu in harawa tayi ƙura a ɗan yayyafa mata ruwa kafin a bashi.

Sai ka dinga duba shi da hannu duk sati. Ka shafa haƙarƙarinsa, ya kamata ka ji su da yatsa cikin sauƙi amma kar su fito fili ana ƙirgawa daga nesa. In sai ka danna kafin ka ji su to ya yi ƙiba, rage hatsi. Ka duba gwiwoyi da gaɓar da take saman kofato, in kaga sun kumbura sunyi ɗumi, ko ya fara tsayuwa a kan bakin kofato dunduniya bata taɓa ƙasa, ka janye hatsin nan take ka barshi da ciyawa ka kira likitan dabbobi, wannan alamar girma ne da ya wuce ƙarfin ƙashi. Wanda yafi shiga wannan hatsarin shi ne dukushin da aka sayo a rame, tausayi ya sa mai shi ya cika masa baho, sai ya zabura da girma lokaci ɗaya. Irin wannan a hankali ake tada shi, wata biyu wata uku, babu gaggawa.

In kuma kana bashi abinci daidai amma ciki ya yi tulu, gashi ya tashi yayi yamutsa-yamutsa, to ka zargi tsutsar ciki, akwai wata doguwa fara da take addabar ƙananan dawaki. Amma kar ka je kemis ka sayo magani mai ƙarfi ka ɗura masa kai tsaye, in tsutsar tayi yawa ta mutu gaba ɗaya tana iya toshe hanji. Likita ya zaɓa maka, yawanci da fenbendazol ake farawa, kuma daidai nauyinsa ake aunawa. A dinga kwashe kashi kullum don ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasa.

Maganar turke kuma, nasan yawancinmu a cikin gari muke babu fili, amma ɗaure ɗan wata shida dare da rana zalunci ne ga ƙafafunsa, ƙashi sai da motsi yake ƙwari. A samu ko kango ne ko filin makaranta da yamma a sake shi yayi tsalle-tsallensa, in akwai wani dukushin ko tsohuwar goɗiya mai haƙuri ko ma jaki a haɗa su, kaɗaici yana hana shi cin abinci a satin farko. Sai dai lokacin cin hatsi kowa da bahonsa, in ba haka ba babban zai cinye. Yara kuma a ja musu kunne kar wanda ya hau shi, hawa sai ya haura shekara biyu zuwa uku.

Wanda yake da niyyar yaye ko sayen dukushi, ya yi ƙoƙari ya tanadi harawarsa tun da kaka lokacin da take araha, a ɗaure ta a ɗora a sama inda ruwa da gara baza su kai ba, a lissafa aƙalla kilo biyu a kowace rana har zuwa faɗuwar damina.