Kurakuran da ake yi wajen zargin 'yan tseren keke da shan ƙwayoyin ƙara kuzari

Duk shekara da zarar Yuli ya kama aka fara gasar Tour de France a Faransa, gardama ɗaya ce ke dawowa: wane yana shan ƙwaya, wane ba ya sha. Wasan ne ya ja wa kansa wannan zargi. Tun a 1998, lokacin da jami'an kwastan suka tare Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar Festina, a kan iyakar Faransa da Beljiyam da mota maƙare da haramtattun magunguna, mai kallo ya samu dalilin yin shakka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cakuɗa zargi da hujja da hukunci kamar abu ɗaya ne. Da wannan cakuɗawar ake ɓata sunan mai gaskiya, da ita kuma maƙaryaci yake samun mafaka.

Kuskuren da ya fi kowanne daɗewa shi ne a ce, "Ai ba a taɓa kama shi a gwaji ba." Da wannan magana Lance Armstrong ya kare kansa fiye da shekara goma. Ya ci Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, yana ta nanata cewa an gwada shi ɗaruruwan lokuta ba a samu komai ba. Amma a 1999 babu ma gwajin da ke gano EPO, sinadarin da ke ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai a gasar Olamfik ta Sydney a 2000 aka fara amfani da shi. Da gwajin ya zo, sai masu sha suka koma yin allura kaɗan-kaɗan da dare, yadda kafin gari ya waye alamar ta kusa gushewa daga fitsari. Wasu suka koma ɗibar jininsu su adana a firiji, a mayar musu a tsakiyar gasa, kuma babu gwajin da ke nuna wannan kai tsaye, tunda jinin mutum ne ya koma jikinsa. Abin da ya kayar da Armstrong a Oktoban 2012 shaidar mutane ce. Hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta Amurka, USADA, ta tattara bayanan mutum 26, cikinsu har da tsofaffin abokan tserensa 11, ta haɗa da saƙonni da takardun biyan kuɗi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙwace kofunan, shi kuma ya amsa da bakinsa a Janairun 2013.

Gyaran wannan kuskure shi ne ka ɗauki sakamakon gwaji a iya matsayinsa. Ma'anarsa kawai: a wannan rana, a wannan samfur, da na'urar wannan zamani, ba a ga abu ba. Shi ya sa yanzu ake adana samfur har shekara goma don a sake dubawa, shi ya sa kuma UCI ta ɓullo da fasfo na jini a 2008, inda ake bibiyar yadda jinin ɗan tsere ke sauyawa tsawon watanni, ko ba a ga maganin kansa ba. Da wannan hanya aka dakatar da ɗan Italiya Franco Pellizotti a 2011.

Sai dai wanda labarin Armstrong ya ƙona yakan faɗa ɗaya ramin: duk wanda ya hau dutse da gudu, to ya sha. Ana ɗauko mintunan da zakarun Tour de France irin su Tadej Pogačar ko Jonas Vingegaard suka yi a wani hawa, a gwama da na shekarun EPO, a ce magana ta ƙare. Gudu dalili ne na yin tambaya, kuma ɗan jarida yana da haƙƙin yin ta. Amma iska, da kwaltar hanya, da tsawon tseren ranar, da irin keken, da yadda abokan tafiya suka ja mutum, duk suna shiga lissafin. Babu kotun wasanni da ta taɓa hukunta wani saboda agogo. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka ka ce "ina shakka" in kana shakka, kada ka ce "na tabbata".

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne ma'aunin hujja. Mutane kan ji an ce kotu ta sallami wane, sai su ce ashe ƙazafi ne. Kotun laifi da kotun wasanni ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Dokar hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta ce mai tuhuma sai ya kawo hujjar da za ta gamsar da alƙalai har hankalinsu ya kwanta. Wannan ya fi a ce "ya fi yiwuwa ya yi", amma bai kai tsananin kotun laifi ba, inda ake buƙatar kawar da duk wata shakka mai ma'ana. Dubi abin da ya faru a Sifaniya. A Mayun 2006 'yan sanda suka gano jakunkunan jini kusan 200 a hannun likita Eufemiano Fuentes a Madrid. A lokacin ba wa ɗan wasa ƙwaya ba laifi ba ne a dokar ƙasar, sai aka tuhume shi da jefa lafiyar jama'a cikin haɗari, kuma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Wankewar ba ta ce jakunkunan na banza ba ne. Hukumomin Italiya sun ɗauki jinin ɗan tseren Sifaniya Alejandro Valverde lokacin da Tour de France ta ratsa ƙasarsu a 2008, suka gwada ƙwayar halittarsa da jinin ɗaya daga cikin jakunkunan, ya yi daidai. A 2010 kotun wasanni ta duniya, CAS, da ke Lausanne a Suwizalan, ta dakatar da shi shekara biyu. Idan ka ji an wanke mutum, tambayi wace kotu ce, kuma a kan wace tuhuma.

Haka nan, idan aka ce an samu haramtaccen abu a jikin ɗan tsere, ba a ce ya yi niyyar zamba ba tukuna. Ƙa'idar ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da ke jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Daga nan nauyi ya koma kansa: shi zai nuna ta inda abin ya shiga, kuma bayaninsa ya fi rinjaye a kan akasinsa. Mutum biyu da aka samu da sinadari iri ɗaya, clenbuterol, sun isa misali. A Tour de France ta 2010 an samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a fitsarin Alberto Contador, fikogiram 50 a kowace mililita. Ya ce daga naman da aka kawo masa daga Sifaniya ne. Hukumar ƙasarsa ta yarda, amma a Fabrairun 2012 CAS ta ce bai tabbatar da zancen naman ba, domin a Turai an hana ba wa dabbobi wannan magani kuma ana sa ido. Ta dakatar da shi shekara biyu, aka ƙwace kofin 2010 aka ba Andy Schleck. Abin lura, kotun ba ta ce an tabbatar ya yi ƙarin jini ba, ta ce abin da ya fi kama da gaskiya shi ne gurɓataccen ƙarin abinci. Michael Rogers kuwa an same shi da clenbuterol a Japan a Oktoban 2013, kwanaki kaɗan bayan ya yi tsere a Sin, inda gurɓatar nama da wannan magani sananniya ce. A Afrilun 2014 UCI ta karɓi bayaninsa ba ta dakatar da shi ba, ko da yake ta soke nasarar da ya samu a Japan. Bambancin ba son kai ba ne, ƙarfin hujjar asalin abin ne.

Shari'ar Chris Froome ta fi sarƙaƙiya. Salbutamol maganin asma ne da aka halatta shaƙarsa zuwa wani adadi. A gasar Vuelta ta Sifaniya a 2017 fitsarinsa ya nuna nanogiram 2,000 a mililita, ninki biyu na iyakar 1,000. Irin wannan sakamako ba ya jawo dakatarwa nan take, dama ake ba mutum ya yi bayani a asirce, amma labarin ya fita a jaridu a Disamba. A Yulin 2018 UCI ta rufe shari'ar bayan WADA ta karɓi bayanansa. A doka ba shi da laifi, kuma haka ya kamata a faɗa. Ni dai a ganina hukumomin sun yi sake da ba su fitar da cikakken fayil ɗin ba, domin sun bar jama'a da tambayar ko ɗan tseren da ba shi da kuɗin ɗaukar lauyoyi da masana zai iya kare kansa haka.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi cin mutane, shi ne watsi da mai shaida saboda halinsa. Floyd Landis, tsohon abokin tseren Armstrong, ya yi shekara kusan huɗu yana musanta sakamakon testosterone da ya raba shi da kofin Tour de France na 2006, har ya karɓi gudummawar magoya baya don shari'a. Da ya fito a Mayun 2010 ya tona asirin kansa da na Armstrong, sai aka ce ai maƙaryaci ne mai ɗaukar fansa. Ya yi ƙarya a baya, haka ne, amma wannan karon gaskiya ya faɗa. Emma O'Reilly, wadda ta yi wa ƙungiyar Armstrong aikin tausa, ta ba da labarin takardar likita da aka rubuta da kwanan watan baya don rufe sakamakon kotizon a 1999, aka ci mata mutunci, aka kai ta ƙara. Jaridar Sunday Times ma ta biya Armstrong kuɗi a 2006 bayan ya kai ta ƙara kan rahoton zargin shan ƙwaya da daga baya ya tabbata. A harkar da ake yi a ɗakin otal a rufe, waɗanda suka gani da ido kusan dukansu suna da hannu a ciki. Don haka hanyar auna shaida ita ce a duba ko ta ambaci rana da wuri da za a iya bincikawa, ko wani da bai haɗa baki da mai maganar ba ya faɗi irinta, ko akwai takardar banki ko sakamakon jini da ya dace da ita, sannan a duba me mai shaidar ya yi asara da ya buɗe baki. George Hincapie, wanda ya raka Armstrong a dukan nasarorin nan bakwai kuma ba a taɓa kama shi a gwaji ba, ya amsa nasa laifin a cikin shaidar da ya bayar, aka dakatar da shi wata shida aka soke sakamakonsa na wasu shekaru.