Darasi na 6: Gyaran Ƙaramin Jirgin Alminiyam Don Kamun Kifi

Masuntanmu na Mai Wurno da Sinja da Damazin, a gaɓar kogin Blue Nile a Sudan, sun saba da jirgin katakon bagaruwa. Yana da nauyi, kuma nauyin ne ke zaunar da shi a ruwa. Jirgin alminiyam halinsa daban ne. Ba ya ruɓewa, mutum biyu suna ɗaga ƙaraminsa, amma iska tana kora shi, kuma da ka miƙe a gefe guda sai ya karkata. Saboda haka duk abin da za ka ƙara masa, ya zama marar nauyi, ya kuma zauna a ƙasa.

Fara da neman yoyo. Ka ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi, ka zuba masa ruwa zurfin yatsu huɗu, ka leƙa ƙarƙashinsa. Kada ka cika shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwa mai yawa zai lanƙwasa gindin. Inda ya ɗiga, ka shata da alli. Idan ribit ne ya saki, wato ƙusar da ke haɗa sassan jirgin, ɗan'uwanka ya tokare kansa da ƙarfe mai nauyi, kai kuma ka buga ɗaya ɓangaren da guduma a hankali. Idan tsagewa ce, a kai wa mai waldar alminiyam. Injin mai waldar ƙofa da taga ba zai yi wannan aiki ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke kashe jirginsu da hannunsu. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma idan ya haɗu da wani ƙarfe a cikin danshi, shi ne yake cinyewa. Tagulla ta fi yi masa ɓarna. Za ka ga farin gari a wurin, daga baya ƙananan ramuka, wata rana sai huda. Don haka kada ka buga masa ƙusar kafinta. Ka nemi ribit na alminiyam, ko noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, ka sa wasar roba, wato zoben roba, a tsakani. Guntun waya, ƙugiya, dalmar raga, kwabo, duk abin da ya faɗa gindin jirgi a tsince shi ranar. Batirin fitila a sa shi a akwatin roba, kuma kada a haɗa wayarsa da jikin jirgin.

Bencin da ke ciki kada ka cire shi don neman wurin raga. Shi ke riƙe haƙarƙarin jirgin, kuma sau da yawa akwai soso a cikinsa mai hana nutsewa. Idan babu soso, ka ɗaure jarkoki marasa komai a ƙarƙashinsa, murfinsu a rufe gam. Jarka mai lita 20 tana ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a ruwa. A ganina wannan ya fi fenti, ya fi ma inji muhimmanci. Tun da aka ƙara tsawon madatsar ruwa ta Rusairis da ke kusa da Damazin a 2013 tafkinta ya ƙara faɗi, gaɓa ta yi nisa. Jirgin katako marar nauyi ko ya cika yakan yi yawo a sama, mutum ya riƙe shi. Na alminiyam da babu soso ƙasa yake tafiya.

Daɓen ciki kuwa, siraran katakai sun isa, a shimfiɗa roba a ƙarƙashinsu, a yi su yadda za a iya ɗagawa a kwashe laka. A watan Agusta, lokacin da kogi ya kawo, lakar tana da yawa. Robar tana kuma rage ƙara, don ƙarfe yana kai sauti cikin ruwa, karfasa kuwa ba ta tsayawa.

Bakin jirgi yana yaga raga. Ka tsaga tiyo a tsaye, ka lulluɓe bakin da shi a gefen da kake jan kalli ko mamari.

Sai zafi. Da rana ta take, alminiyam yana ƙona hannu, kifin da ya kwanta a kansa ba zai kai kasuwa da kyau ba. A sa akwati a tsakiyar jirgi, da ƙanƙara idan an samu, ko a rufe kifin da jiƙaƙƙen buhu. Tarwaɗa tana da juriya, giwan ruwa ba shi da ita.

Mai son sa inji ya ƙarfafa bayan jirgin da katako mai kauri, ya karanta ƙarfin dokin da maƙera suka rubuta a jikin jirgin, kada injin ya wuce shi. Filafili biyu da gwangwanin kwarfa su kasance a ciki kullum.

Aikin aji: Jirgin Malam Audu kilo 60 ne, injinsa kilo 30, raga da sauran kaya kilo 30. Jarka mai lita 20 guda nawa zai ɗaure? Rubuta lissafin a littafinka, sannan ka rubuta sunayen abubuwa uku da ba a bari su kwana a gindin jirgi.