Babi na Huɗu: Awon Kifi, Sanin Shekarunsa da Lokacin Zuba Ƙwansa

An shirya wannan babi ne domin masunta da masu kiwon kifi da ke halartar ajin ilimin manya a garuruwan da ke bakin Gulbin Rima da kewayensa, irin su Goronyo da Wurno da Kware. Masu binciken kifi, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na cibiyar binciken kifi da ke New Bussa kusa da tafkin Kainji, suna fara aikinsu ne da rubuta tsawon kifi da nauyinsa da ranar da aka kama shi. Duk wanda ya iya karanta lamba daga 0 zuwa 100 zai iya yin wannan aiki da kansa, kuma idan ya ɗore a kai littafinsa zai nuna masa kifin da ya isa kamu da wanda ya kamata a mayar ruwa.

Darasi na 1: Auna tsawo

Ka nemi rula mai santimita 30, da katako mai faɗi wanda ya fi ta tsawo, da wani guntun katako, da ƙusa, da littafi, da fensir. Fensir aka ce ba biro ba, domin hannun masunci ba ya rabuwa da ruwa, kuma tawada tana narkewa idan takarda ta jiƙe.

Kafin ka taɓa kifi, ɗauki rular ka duba gefen hagu. Za ka ga lamba mai kewaye, wato 0, sifiri ke nan. Daga wannan layi ake fara awo. Ba a farawa daga 1, ba a kuma farawa daga bakin rula, domin yawancin ruloli suna da ɗan fili kafin layin sifiri. Ɗora yatsanka a kan sifiri ka faɗe shi da ƙarfi. Ɗauke yatsan, ka rufe ido, ka buɗe, ka sake nemo shi. Kada ka ji kunyar maimaitawa, ɗan'uwa, domin a nan ne akasarin ɗalibai suke tuntuɓe, har da waɗanda suka iya karanta wasiƙa.

Yanzu ka kafa guntun katakon a tsaye a kan babban katakon, ka manna rular yadda layin sifiri zai daidaita da jikin guntun. Idan akwai fili kafin sifiri, ka yanke shi ko ka tura shi ƙarƙashin guntun. Ka jiƙa katakon, ka kwantar da kifin a gefensa, kansa a hagu, ka rufe bakinsa, ka tura shi a hankali har bakin ya taɓa guntun katakon. Ka miƙar da jikinsa ba tare da ka ja shi ba, ka haɗa wutsiyar wuri ɗaya, sannan ka karanta lambar da ƙarshen wutsiya ya tsaya a kai. Idan tarwaɗa ce, ba a lissafa gashin bakinta, sai a kwantar da shi baya. Ka kuma kula da ƙayar kurungu, domin tana huda hannu.

Ga abin da kuskuren yake haifarwa. Idan ka ɗora bakin karfasa a kan 1, wutsiyarta ta tsaya a kan 24, za ka rubuta 24 alhali tsawonta na gaskiya 23 ne. Ka ƙara mata santimita ɗaya ke nan wadda Allah bai ba ta ba, kuma idan ka auna kifi 50 a haka, duk shafin ya lalace. Saboda haka ka sake dubawa: ina bakin kifin yake? A kan sifiri. Kafin ka karanta lambar wutsiya, idonka ya fara komawa hagu ya tabbatar da sifiri, sannan ya tafi dama.

Haka abin yake ga sikeli. Ka ɗora kwanon da babu komai a ciki, ka daidaita sikelin har allurar ta tsaya a kan sifiri, sannan ka sa kifin. A littafi kuwa ka ja layuka biyar: kwanan wata, wurin kamu, sunan kifi, tsawo, nauyi.

Aiki: ka auna kifi biyar, ka ba maƙwabcinka na aji ya auna su ba tare da ya ga naka ba. Idan lambobinku sun saɓa, ku fara duba sifiri. Akwai waɗanda suke cewa sun shekara talatin a ruwa, da ido ma suna sanin girman kifi, su ƙi taɓa rula. Ba a musun sanin da suke da shi, amma wannan ba hali ne na mai neman ilimi ba, kuma abin da ido ya ƙiyasta ba ya zama a littafi har a kwatanta shi da na baɗi. Wanda ya zo aji ba da katakonsa ba ya ɓata wa kansa da abokan zamansa lokaci.

Darasi na 2: Shekarun kifi

Girman kifi ba ya nuna shekarunsa. Tarwaɗar da ake ciyarwa da kyau a tafkin kiwo tana iya kai kilo ɗaya cikin wata shida ko kusa da haka, amma 'yar'uwarta ta gulbi takan daɗe ba ta kai ba. Karfasa kuwa idan ta cunkushe a ƙaramin ruwa sai ta tsumbure, ta fara haihuwa tana ƙarama. Kamar yadda mai sayen rago yake buɗe bakinsa ya duba haƙora, haka mai bincike yake duba ɓawon jikin kifi.

Ka ciro ɓawo biyar ko shida daga gefen karfasa ko giwan ruwa, a ƙasa da ƙayar baya. Ka wanke su ka goge yauƙin, ka matse ɗaya tsakanin gilashi biyu, ka ɗaga shi wajen haske ka duba da gilashin ƙara girma. Za ka ga siraran layuka suna kewaye juna daga tsakiya zuwa baki. Inda suka ba juna fili, lokacin da kifin ya sami abinci ne ya yi girma da sauri, kamar lokacin da ruwa ya malale fadama a ƙarshen damina. Inda suka matsu suka zama zobe mai duhu, lokacin da girman ya ragu ne, kamar sanyin hunturu na Disamba da Janairu. Waɗannan zobba masu duhu ake ƙirgawa, ana farawa daga tsakiya, kuma ita tsakiyar ba a ƙirga ta ɗaya, ita ce sifirin ɓawo. Ɓawon da tsakiyarsa ta shafe sabon tsiro ne bayan na farko ya faɗi, sai a jefar da shi.

A ruwan ƙasashe masu zafi irin namu wani kifi yana iya yin zobe biyu a shekara, ɗaya na sanyi ɗaya na haihuwa, don haka kada ka yanke hukunci da ɓawo ɗaya. Tarwaɗa da kurungu ba su da ɓawo. Nasu shekarun ana gano su ne ta yanka ƙayar gefe ko ƙashin baya, ko wani ɗan dutse da ke cikin kunne, wannan kuwa aikin ɗakin bincike ne.

Darasi na 3: Lokacin zuba ƙwai

Idan ana gyaran kifi, ka duba cikinsa kafin a zubar. Mace tana da jakar ƙwai biyu, namiji kuma yana da fararen jakunkuna biyu. Ka ƙara layi na shida a littafinka, ka rubuta "akwai ƙwai" ko "babu". Tarwaɗa tana zuba ƙwanta da damina a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Bargi yana gina sheƙa da ciyawa. Macen karfasa ta gulbi tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta, don haka idan ka kama ta da baki a cike ka sake ta. Bayan damina ɗaya ka nemi tsawo mafi ƙanƙanta da ka rubuta wa "akwai ƙwai" a kowane irin kifi. Wanda bai kai wannan tsawo ba bai haihu ba tukuna. Idan ba daga sifiri ka auna ba, wannan lambar ma ƙarya ce.

Darasi na 4: Idon raga

Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana kamun kifi da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato santimita 7.6 ko inci uku, ta kuma hana guba da nakiya. Ka ja idon ragarka ya miƙe, ka auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, ƙullin farko a kan sifiri.

Darasi na 5: Bita

Ka cika shafi ɗaya da awon kifi ashirin. Ka nuna wa Sarkin Ruwan garinku, sannan ka kawo littafin aji tare da katakon da ka yi awon da shi.