Yadda Ake Auna Sukar Littafi Mai Tsarki da Amsar Masu Kare Shi

A muƙabala tsakanin mai sukar Littafi Mai Tsarki da mai kare bangaskiyar Kirista, sau da yawa kowannensu yana amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba. Saboda haka ka fara tantance abin da ake jayayya a kansa: kwafin rubutun ne, ko saɓanin ruwayoyi, ko kuwa dacewar labarin da tarihi? Hujjar da ta warware ɗaya ba ta taɓa sauran.

Idan maganar kwafi ce, ka nemi bugun da yake da bayani a ƙasan shafi, ka buɗe Markus sura ta 16. Aya ta 9 zuwa ta 20 babu su a Codex Sinaiticus da Codex Vaticanus, manyan rubuce-rubucen hannu biyu na ƙarni na 4, kuma labarin matar da aka kama tana zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11 shi ma babu shi a cikinsu. Mai suka irin Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari ɗan Amurka, zai ce bambance-bambancen da ke tsakanin kwafe-kwafen sun fi kalmomin Sabon Alkawari yawa. Mai kariya zai ce akwai rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da Girkanci sama da 5,000, kuma galibin bambancin na harafi ne ko jerin kalmomi. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa ya ɓoye rabin maganar. Ka tambayi na farko bambanci nawa ne ya sauya ma'ana, ka tambayi na biyu kwafi nawa ne aka rubuta kafin ƙarni na 4, domin mafi yawansu daga ƙarni na 9 zuwa gaba suke.

Idan saɓanin ruwayoyi ne, kada ka yarda a karanto maka aya guda a rufe littafin. Ka ajiye Matiyu 27 kusa da Ayyukan Manzanni sura ta 1. A na farko Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya mayar da azurfa talatin da aka biya shi ya rataye kansa, firistoci suka sayi fili da kuɗin. A na biyu shi ya mallaki filin, ya faɗi, cikinsa ya fashe. Masu kariya sukan ce ya rataye kansa ne, daga baya gawar ta faɗo. Wannan mai yiwuwa ne, amma ka lura babu nassin da ya faɗi haka, kuma yiwuwar abu daban take da tabbatuwarsa.

Batun tarihi ya fi wuya, domin yana bukatar shaida daga wajen littafin. Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin sarki Hirudus, wanda yawancin masana suke ganin ya mutu a shekara ta 4 kafin miladiyya, Luka kuwa ya danganta ta da ƙidayar jama'a ta Kiriniyus, gwamnan Romawa a Suriya, wadda Josephus, masanin tarihi Bayahude na ƙarni na 1, ya nuna an yi ta a shekara ta 6 ta miladiyya. Wanda ya ce Kiriniyus ya yi mulkin Suriya sau biyu domin ya warware wannan saɓanin, ka nemi ya kawo rubutun tarihi ko rubutun kan dutse da ya ambaci sunansa a mulkin farko.