Yadda na gyara matsalar NAT Type 3 a PS5 ɗina

Duk sanda muka shiga gem ɗin ƙwallo da abokai sai a wurgo ni waje, muryarsu ma ba na ji sam. Na gwada intanet a saitin PS5 ɗin ya nuna NAT Type 3, wato sauran 'yan wasa ba sa iya haɗuwa da ni kai tsaye. NAT shi ne tsarin da rauta (na'urar raba intanet) ke bi wajen haɗa na'urorin gida da intanet ta adireshi ɗaya.

Ashe rauta biyu ce a jere, ta kamfanin layi da wadda na ƙara a ɗaki, kowacce da nata NAT ɗin. Sai na jona PS5 da ta farkon da kebul, na buɗe shafin saitinta a burauza na kunna UPnP (saitin da ke barin PS5 ya buɗe wa kansa hanya a rauta), na kashe komai na sake kunnawa, shi kenan ya koma Type 2, wanda ke barin 'yan wasa su haɗu da ni. In naka ya ƙi sauyawa, wataƙila IP (adireshin intanet) ɗaya ake raba muku ku da yawa, kira kamfanin layinka ka nemi naka kai kaɗai.